Yaya Sabi'u da Jirgin Kwano, Bayan Shekara Goma Sha Ɗaya

A ƙarshen daminar nan Yaya Sabi'u ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Lokacin da abin ya faru kowa cewa yake in yi haƙuri, da sannu zan manta. Haƙurin na yi, amma mantuwar ba ta zo ba. Har yau idan na ji an ja fallen kwano a ƙasa, ko iska ta ɗaga rufin wani shago ya yi ƙara, sai in ji kamar ina cikin jirgin nan. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunana Rabi, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke bayan Gezawa, kuma ni kaɗai ce tare da shi a jirgin ranar. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa, hannuna yana ƙi. Bana ya yarda.

Mu ba mutanen ruwa ba ne. Manoma ne iyayenmu, gero da dawa da wake da gyaɗa, gona a jikin gona, duk inda ka waiwaya gidan wani ne. Muna yara aka tare rafin da ke gabas da mu aka yi dam. Ruwa ya hau a hankali ya shanye fadama da gonakin kwari, da itatuwansu a tsaye: ɗorawa, tsamiya, gawo. Wasu an sare su kafin ruwan ya iso, aka bar kututture, wasu ba a kai gare su ba. Da ruwan ya gama zama sai muka wayi gari gonar Baba da ta rage tana can ƙetare, haka ma rabin danginmu. Ta titi akwai zagaye mai nisa, mai tafiya a ƙafa sai ya ɓata rabin yini. Ta ruwa kuwa, idan ka tsaya a gaɓarmu kana hango rumbunansu.

Yaya kafinta ne tun yana saurayi. Ba ruwansa da jirgi sai da masunta suka fara zuwa daga yamma, cikinsu har da wani dattijo Basarke, Malam Ɗanjuma, wanda ya kawo masa kwale-kwalensa da ya tsage ya ce ya gwada gyarawa. Daga wannan gyaran aka fara. Malam Ɗanjuma ya ce a garinsu gungumen itace guda ake sassaƙewa ya zama jirgi, ba haɗi ba ƙusa. A ƙasarmu ina za ka sami irin wannan itacen? Kowace bishiya da mai ita, kuma ba mai bari ka sare masa ɗorawar da yake cin kalwarta. Don haka da katako suka yi, Yaya yana yanka yana haɗawa, dattijon yana zaune a kan turmi yana cewa nan ka lanƙwasa, nan ka ƙara. Ba a jima ba duk jirgin da ke kan dam ɗin nan daga ƙofar gidanmu ya fito.

Na tashi ina jin warin kwalta a tsakar gida, don haka na san abin da nake faɗa. Katako iri biyu yake sayowa daga Kano. Akwai jan katako, na maɗaci, mai tauri, wanda zarto ke kuka a jikinsa. Jirgin da aka yi da shi sai ƙarti huɗu ko biyar sun taru kafin su ja shi zuwa ruwa, amma zai yi shekara da shekaru yana aiki, ruwa ba ya cinsa da wuri, gara ma ba ta sonsa. Akwai kuma farin katako, sakayau, mutum biyu sa ɗauki jirginsa su yi tafiya. Sai dai shan ruwa yake kamar soso. Jirgin da aka ɗauka cikin raha ranar da aka gama shi, bayan damina ɗaya ya yi nauyi, bayan biyu ko uku kana danna babban yatsa sai ya shige. Tsakanin katako da katako Yaya yakan cusa auduga, ya bi ta da narkakkiyar kwalta, sannan ya rufe da yankan gwangwani ya jera ƙananan ƙusoshi. A ciki kuma ya gitta sanduna kamar haƙarƙari. Idan ya yawaita su jirgi ya yi ƙarfi ya yi nauyi. Idan ya rage sai jirgi ya riƙa murɗewa a ruwa, haɗin ya buɗe.

Duk wanda ya zo saye magana ɗaya yake yi masa: "Idan wanda za ka iya ɗauka kake so, ga shi, amma ba zai daɗe ba. Idan wanda zai daɗe kake so, ga shi, amma ka nemi masu taya ka ja." Mutane su yi dariya su zaɓa. Shi kuwa abin ba dariya ba ne a wurinsa. Ya dame shi. Yakan zauna bayan sallar la'asar yana juya guntun katako a hannu, yana cewa dole akwai hanyar da za a haɗa biyun, rashin nauyi da ƙarko, shi ne dai bai gano ta ba.

Abin da ya matsa masa lamba shi ne bayansa. Wata rana suna jan wani jirgin maɗaci daga cikin taɓo, ƙafarsa ta zame, nauyin ya dawo kansa. Watanni ya yi a kwance. Da ya tashi yana iya tafiya, yana iya aikin zaune, amma ja da ɗauka sun ƙare. Ɗansa Kabiru a lokacin yana Kano yana koyon walda. Sai ya zamana duk ranar da Yaya zai je gona sai ya tsaya a bakin ruwa yana jiran samari su wuce ya roƙe su su tura masa jirgi. Wanda ya san Yaya ya san irin kunyar roƙo da Allah Ya ɗora masa. Na sha hango shi daga nesa a tsaye, hannu a ƙugu, yana yi kamar kallon ruwa yake.

Daga nan ya fara gwaje-gwaje. Ya sirance katako, ya tsage. Ya rage haƙarƙari, ya murɗe. A ƙarshe ya haɗa ƙashin jirgi da siraran sanduna, ya samo fallayen kwano masu ɗan kauri ya buge su suka miƙe, ya lulluɓe ƙashin da su, ya naɗe bakin kowane haɗi ya shafe da kwalta. Ranar da ya gama, shi kaɗai ya ɗaga shi ya ɗora a ka, ya ratsa ta tsakiyar gari yana dariya, jama'a na fitowa kallo. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan rana ba. Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo daga zaure ta ce, "Sabi'u, wannan ai faranti ne ka ƙera." Ya ce, "Farantin da zai kai ni gona, Inna."

Malam Ɗanjuma bai yi dariya ba. Ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da bayan yatsa, sannan ya ce, "Katako ko ya cika da ruwa yana tsayawa a sama, mutum ya samu abin riƙewa. Wannan in ya sha ruwa ƙasa zai nufa." Yaya ya ce ya sani. Ya nuna masa wata jarka mara komai a ciki da ya ɗaure a ƙarƙashin mazaunin gaba, ya ce ita za ta taimaka. Kuma ina so a san wannan game da shi: mutane da yawa sun zo suna so ya yi musu irinsa, ya ƙi. Ya ce sai ya ga yadda zai yi shekara a ƙarƙashinsa tukuna. Kullum da safe yakan kife shi ya bi layin ƙusoshi da ido, duk inda ya ga tsatsa ta fara ja ya ɗiga kwalta. Damina guda ya yi yana shiga yana fita lafiya.

Ranar da abin ya faru, ƙanwar Inna ce ba ta da lafiya a ƙetare, ina so in je dubiya, shi kuma zai kwaso waken da aka rore masa. Tun asali ni matsoraciyar ruwa ce. Idan zan ƙetare nakan jira ranar kasuwa in shiga babban jirgin katako da jama'a, amma ranar ba kasuwa. Da na tsaya ina kallon jirgin sai ya ce, "Shiga mana, Rabi. Ai ko buhun gishiri na sha ɗauka a ciki bai jiƙe ba." Na yi bisimilla na shiga. Abin da na fara ji shi ne sanyin ruwa a tafin ƙafata, kai ka ce babu komai tsakanina da shi. Kuma kwanon yana motsi, yana lotsawa yana tasowa kamar cikin dabba mai numfashi. Na ƙanƙame gefe har muka isa. Muka isa lafiya.

Bayan sallar azahar muka juyo. An ɗora buhunan wake a tsakiya, jirgin ya ɗan zauna a ruwa fiye da yadda ya zo. Ni ina gaba, shi yana baya yana tuƙi da filafili. Shekarar an yi ruwa sosai, dam ya cika ya rufe kututturan da ya saba gani yana kauce musu. Ba iska, ba hadari, ba komai. Rana tana haska ruwan, balbelu sun jeru a kan wata matacciyar ɗorawa da rassanta suka fito sama. Wannan shi ne abin da har yau na kasa sabawa da shi: babu wata alama. Yana ba ni labarin fentin da zai shafa wa jirgin, wai kore yake so, sai na ji wata ƙara kamar an yage sabon yadi, jirgin ya tsaya cak ya karkata.

Na duba ƙasa. Ba ɗigo ba ne, ba tsiyaya ba ce. Kwanon ya tsage tun daga layin ƙusa ya yi baya, ruwa na shigowa a shimfiɗe, yana hawa idon sawuna. Kan wani kututture ne da aka sare da gatari tun muna yara, bakinsa a fiƙe. Na yunƙura zan miƙe ya daka mini tsawa, "Kada ki tashi!" Na ɗauki ƙwarya zan kwarfe, ya ce in bari. Ya ture buhunan cikin ruwa, ya rarrafo gaba, ya sa hannu ƙarƙashin mazaunina yana fama da igiyar jarkar, ƙullin ya jiƙe ya ƙi, sai da ya sa haƙori. Ya danna mini ita a ƙirji ya ce, "Rungume. Ko me kika gani kada ki saki."

Jirgin bai yi jinkiri ba. Gabansa ya ɗaga, sai kawai na ji babu shi. Ruwa ya rufe kaina, ya shiga hancina, zanina ya naɗe ƙafafuna. Na ji ina harbin abin da babu ƙasa a ƙarƙashinsa. Jarkar ce ta fito da ni. Da na buɗe ido na gan shi a gefena, ya damƙi hijabina ta wuya, yana ja na da hannu ɗaya, yana iyo da ɗaya, ya nufi ɗorawar nan. Ya iya ruwa, da girmansa ya koya, amma ina jin yadda numfashinsa ke fita da gurnani saboda bayan. Yana ta cewa, "Yi salati, Rabi. Buga ƙafa. Yi salati." Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ga balbelun sun tashi gaba ɗaya, sai na ji ya kama hannuna ya ɗora a kan reshe, ya matse yatsuna a kai da nasa.

Na ɗauka mun tsira. Yana bayana kaɗan, tazarar hannu. Na waiwayo in ce masa ya kama, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, a hankali, kamar ba ya so in ji, "Raga ta kama ni." Tsohuwar ragar kamun kifi ce da ta sarƙe a rassan da ke ƙarƙashin ruwa, mai ita ya haƙura ya bar ta. Ya ce in riƙe da kyau, ya ja numfashi ya nutsa don ya kwance ƙafarsa. Ya taso sau ɗaya, ruwa na zuba daga gemunsa, haɓarsa kawai ke sama, ya ce, "Saura kaɗan." Ya sake komawa. Na tura jarkar da ƙafa zuwa inda yake don in ya taso ya samu abin kamawa. Kumfa ta fito. Ta sake fitowa. Sai ruwan ya kwanta, jarkar tana juyawa a kai ita kaɗai.

Na yi ihu har muryata ta tafi. Masunta sun hango lokacin da jirgin ya ɓace, sun kuma taso nan take. Amma a jirgin maɗaci suke, wanda shi da kansa ya ƙera musu, kuma jirgin maɗaci ba ya sauri. Ina manne da reshe ina kallonsu suna tuƙi da iya ƙarfinsu, jirgin yana tahowa a hankali, a hankali, kamar ba ya matsowa. Ban taɓa tsanar wani abu ba kamar yadda na tsani nauyin jirgin nan a lokacin. Kafin faɗuwar rana suka yanke ragar suka fito da shi.

Bayan an share makoki maganganu sun yi yawa a gari. Wasu suka ce kwano ne, wasu suka ce raga ce, liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma zuciya ba ta daina lissafe-lissafenta. Da jirgin katako ne, wataƙila da ya goga kututturen ya wuce, ko ya fashe ma da ya tsaya a sama mun riƙe. Sai kuma in tuna jirgin katakon ne ya karya masa baya har ya kai shi ga neman kwano. Mai nauyi ya fara, mara nauyi ya ƙarasa. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Inna ba ta sake cin kifin dam ba har ta koma ga Allah. Ni kuwa shekaru na yi ko hanyar bakin ruwa ba na bi.

Yanzu dam ɗin ya canza. Da Yaya zai dawo ya tsaya a gaɓa da wuya ya gane jiragen. Yawancinsu na faiba ne, wani abu mai kama da roba mai tauri, masu sheƙi, da inji a baya. Kabiru ne ya fara yin su a nan. Bayan rasuwar mahaifinsa ya dawo gida ya ce shi da jirgi har abada, ya yi shekara biyu yana waldar ƙofofi, sai wata rana muka ji ya tafi kudu koyon aikin faiba. Na je na ga yadda yake yi. Akwai wani mazubi mai siffar jirgi da yake shimfiɗa wani farin ƙyalle mai ƙaiƙayi a ciki, ya shafe shi da wani gam mai warin da ke hawa ka, ya sake shimfiɗa wani, ya sake shafawa, rufi a kan rufi, har ya bushe ya yi tauri. Ba ƙusa, ba tsatsa, ba ruɓewa, kuma mutum biyu sa ɗauka. Na tsaya ina kallo na ce a raina, Yaya, ga abin da ka yi ta nema.

Amma da na ƙara tambaya sai tsoron ya dawo sabo. Rana tana busar da faiba, idan ya tsufa ya yi gautsi. Idan ya daki kututture da ƙarfi tsagewa yake. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da zarar an shafa fenti babu mai iya gane ko rufin da aka yi masu yawa ne ko kaɗan. Katako kana ganin kaurinsa a baki, ka sa yatsa ka auna. Wannan kuwa mai kauri da mai kamar ɓawon ƙwai duk sheƙi ɗaya suke yi. Ana kawo wasu daga wani wuri, ba wanda ya san hannun da ya yi su. A cika su da mutane da awaki da babur, a tayar da inji, a bi ta kan kututturan nan a guje, gudun da Yaya da filafilinsa bai taɓa yin ko kusa da shi ba. A ciki akwai yaran da na koyar, suna zuwa sakandare. A ciki akwai 'yata Hauwa, wadda ta yi aure a ƙetare.

Nakan tambayi kaina me zai ce. Da farko nakan ɗauka zai girgiza kai ya ce a koma katako. Amma na san shi, ba haka zai yi ba. Zai ɗaga gefen jirgin ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, sannan ya zauna a gaban ɗansa ya ce koya mini. Wata rana Kabiru ya nuna mini a wayarsa wasu 'yan siraran jirage da Turawa ke shiga teku da su, mutum ɗaya a ciki. Wani na roba ne, ana jansa a kan duwatsu ba ya fashewa, amma mai shi yana nishi kafin ya ɗaga, kuma wai idan ya daɗe a rana lanƙwashewa yake. Wani kuma wata mata ta ɗauke shi a kafaɗa kamar tabarma, amma wai ana lallaɓa shi kamar tulu. Kabiru ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, kin gani, su ma ba su gama da tambayar Baba ba." Ni ban yi dariya ba. Kallon idonsa nake, na ga irin hasken da na gani ranar da aka ratsa gari da jirgi a ka.

Bara ya ce mini yana gwada rage rufin gefe ya bar na ƙasa da kauri, don jirgi ya ƙara sauƙin ɗauka. Na ce, "Kabiru, haka mahaifinka ya fara." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Gwaggo. Zo ki ga wani abu." Ya nuna mini gaba da bayan jirgin, ya toshe su ruf, ya cika cikinsu da farin abin nan mara nauyi da ake sako firiji a cikinsa. Ya ce duk jirgin da ya gama sai ya kai shi wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba, ya cika shi da ruwa a gaban mai saye, ya hau kai ya tsaya. Idan ya nutse ba ya sayarwa. Yana kuma yanko ɗan guntu daga bakin kowane jirgi ya miƙa wa mai shi ya ga kaurin da idonsa. Da rani, idan ruwa ya ja baya, shi da masunta suna bi suna kafa dogayen gora a kan kututture suna ɗaura jan ƙyalle, suna fizgo tsofaffin raga suna ƙonawa. Na saurara, na sa masa albarka. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

Watan jiya Hauwa ta haihu, namiji. Ana gobe suna aka yi ruwan da ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar zagaye, mota da babur duk ba sa wucewa. Da safe Kabiru ya yi sallama ya tsaya a zaure, yana riƙe da rigar ruwa, irin mai hana nutsewa. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce to. Bai tafi ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na tuna yarinyar nan haihuwarta ta fari ce, za ta riƙa kallon ƙofa. Na fito na karɓi rigar.

Ba zan ce na yi jarumta ba. Kabiru bai ɗauki kowa ba sai ni, bai kuma tayar da inji ba, filafili ya ɗauka. Na kafa idona a ƙasan jirgin don kada in ga ruwa, sai na ga abin da ya fi ruwan ban tsoro. Cikin jirgin ba a yi masa fenti ba, rana tana ratsa gefensa, ina ganin inuwar ruwa tana rawa ta jikinsa, daidai inda ruwan ya tsaya. Na ce, "Kabiru, ina ganin ruwa ta jikin jirgin nan." Ya ce, "Haske ne kawai, Gwaggo. Dubi ƙarƙashin ƙafarki, nan ba ya wucewa." Na duba, nan duhu ne. Na ɗora ƙafafuna biyu a kan duhun nan na yi ta salati. Can na ji tuƙinsa ya lafa, na ji yana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, na san inda muka zo. Ban ɗaga kai ba. Daga baya ya ce mini ɗorawar nan ta daɗe da faɗuwa, gora ce kawai a wurin.

Da muka isa sai da mata biyu suka kama ni suka fito da ni. Aka miƙo mini jaririn, aka ce an raɗa masa Sabi'u. Su suna ce masa Khalifa, ni kuwa Yaya nake ce masa. Mako guda na yi a can. Kabiru ya zo ya ce in na shirya ga jirgi. Na ce ya je abinsa, ina jiran a gyara kwalbati. Ta titi na dawo.

To me ya rage na Yaya Sabi'u? Amsar tambayarsa dai ba a samu ba, har yanzu duk wanda zai ƙera jirgi sai ya zaɓi abin da zai bayar don ya samu wani. Abin da na gani ya rage shi ne ɗa wanda ba ya sayar da jirgi sai ya fara nutsar da shi da hannunsa. Sai kuma ni. Duk abin da na gani a shekarun nan, auren 'yata, yaran da suka wuce ta ajina, jikan da na rungume, a cikin kwanakin da Allah Ya ƙara mini ta hannunsa na gan su. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba, sai addu'a. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a cikin tasa, ya kuma tambayi mai jirgi, kafin ya sa ƙafa, ko jirgin nan zai tsaya a sama idan ya cika.

Mako mai zuwa Hauwa za ta kawo jaririn rigakafi asibitin da ke ɓangarenmu. Ta ce ta ruwa za su zo, zagayen ya yi wa mai jego nisa. Na riga na nemi izini a makaranta. Zan je bakin ruwa tun da hantsi in tsaya, kuma ba zan zauna ba sai na ga ƙafarta a kan ƙasa, shi kuma a hannuna.